Kafin ka taɓa furosesan kwamfutarka

Gargaɗin nan na masu shagon buga takardu da gyaran hoto ne, daga Magaria zuwa Bande, Wacha, Dungass da Dogo-Dogo, waɗanda injinsu ya fara nawa, wani ya raɗa musu cewa maganinsa i7.

Kada ka ɗora wa furosesa laifin da ba nasa ba. Buɗe Task Manager a lokacin da aiki ya yi nauyi. In faifan ajiya ne ya cika 100%, furosesa yana zaune yana hutawa, SSD za ka saya. In ram ɗinka giga 4 ne, kai shi 8. Yawancin injinan da ke rarrafe a shagunanmu nan ciwonsu yake, kuma mai buga takardar neman aiki a Word ba ruwansa da i7.

Kada ka hau motar Damagaram, ko ka tsallaka iyaka zuwa Kano, ba ka rubuta lambar injinka a takarda ba. Kowane furosesa da gurbinsa. Intel zubi na 2 da na 3, na 2011 da 2012, LGA1155 suke shiga. Zubi na 4 sai LGA1150. Ko gurbin ya zo ɗaya ma, magana ba ta ƙare ba. Dell OptiPlex 790 da 7010 gurbinsu iri ɗaya ne, amma 7010 ce ke karɓar i7-3770, 790 ba ta karɓa. Haka LGA1151: zubi na 8 zai zauna daram a kan madabod ɗin zubi na 6, ka kunna, allo baƙi ƙirin. Wanda ya sayar maka a titin Beirut na Kano ba zai biyo ka Dungass da kuɗinka ba, don haka a gwada a gabanka kafin ka biya.

Kada sunan ya ruɗe ka, dubi lambar da ke bayansa. i3-10100 na 2020 ya fi i7-2600 na 2011 gudu.

Ka yi lissafi. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa. In kuɗin furosesan ya doshi na wani injin kwance mai sabon zubi, haɗa jikkunanka ka sayi injin.

In sabon furosesan ya buƙaci sabunta BIOS, kada ka yi da wutar layi kaɗai. Wutar yankin nan daga Katsina take biyowa ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Ɗaukewar daƙiƙa ɗaya a tsakiyar aikin ta isa ta kashe madabod. Sa UPS mai cikakken caji, ko ka haƙura.

Ranar sauyawa, zare waya daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi. Ɗaga ɗan ƙarfen da ke danne tsohon furosesan, ka cire shi, ka daidaita alamar kusurwa mai ruwan zinare ta sabon da ta gurbin, ka ajiye shi a hankali. Kar ka danna. Alluran Intel a jikin madabod suke, ɗaya ta lanƙwashe aiki ya ɓaci.

Goge tsohon man sanyaya tas, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Man goge baki ba man furosesa ba ne, ko wa ya gaya maka.

Kada ka manta da zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ake wuce digiri 40 a inuwa. i3-3220 wat 55 yake ci, i7-3770 kuwa 77, kuma tsohuwar fankar da ƙura ta toshe ba za ta iya da shi ba. Hure ta, ka ɗauke injin daga ƙasa. In akwatinka ɗan mitsitsin nan ne, nemi furosesa mai harafin S a ƙarshen lambarsa.

Tsohon furosesan kuma kar ka sayar da shi sai sabon ya yi aikin yini cur da tsakar rana bai mutu ba.