Ƙarfen Da Ya Buɗa Mini Ganɗa

Ina aji biyar na firamare Baba ya lura ba na tauna nama sai ta gefe guda, ya kai ni wurin likitan haƙori. Da likita ya duba, sai ya ce muƙamuƙina na sama ya cika ƙunci. Turamen sama suna faɗawa cikin na ƙasa, alhali kamata ya yi su rufe su ta waje, kamar murfi da kwano. Ya ce akan gaji wannan, yawan tsotson yatsa kuma yakan jawo shi.

Ga abin da ya koya mini. Ganɗa, watau rufin baki, ƙashi biyu ne da suka haɗu a tsakiya. A bakin yaro mahaɗin bai riga ya ƙame ba, saboda haka ana iya raba su sannu a hankali, sabon ƙashi ya cike gurbin. Wani likitan Amurka, Emerson Angell, shi ya bayyana wannan dabara tun 1860.

Aka ɗaura mini ɗan ƙarfe a turamen sama, da noti a tsakiyarsa. Kullum da dare Inna takan sa ɗan mabuɗi ta murɗa sau ɗaya. Kowace murɗa takan buɗa ganɗar kimanin rubu'in milimita. Na ji nauyi a hanci da kumatu, miyau ya yi yawa, tuwo yana maƙalewa, maganata kuma ta zama abin dariya a aji. Bayan 'yan kwanaki sai ga wushirya tsakanin haƙorana na gaba. Na tsorata, amma likita ya ce alama ce aiki yana ci, kuma za ta rufe da kanta. Haka kuwa aka yi.

Da aka daina murɗawa, ƙarfen ya zauna wata shida don ƙashi ya yi ƙwari. Da an cire shi da wuri, da ganɗar ta koma gidan jiya.

Iyayenmu, ku riƙa duba bakin 'ya'yanku. Idan mutum ya girma mahaɗin ya ƙame, sau da yawa sai an haɗa da tiyata. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, in kun ga wani da ƙarfe a baki kada ku yi masa ba'a, magani yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.