Darasi Kan Ajiyar Abinci Ba Tare da Iska Ba

'Yan'uwa, dukanmu mun san ɓarnar da ƙwari ke yi wa wake a rumbu. A shekarar 2007 aka soma yaɗa buhu mai riɓi uku a Nijeriya da Nijar, dabarar masanan Jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje. Mukan matse iska, mu ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu, ba a sa magani ba.

Amma dabarar tana da iyaka. Busasshen abu kaɗai take yi wa amfani. Mu gwada waken da haƙori: in ya fashe ƙas, ya bushe. In da sauran danshi, fumfuna za ta kama shi.

Albasar Goronyo da tafarnuwar Wurno iska suke so. In an toshe su, sai su ruɓe.

Ɗanyen nama da kifin gulbin Rima sun fi haɗari. Akwai wata ƙwayar cuta wadda take yaɗuwa inda babu iska. In aka rufe nama a leda aka bar shi cikin zafi, takan zuba dafi mai shanye jiki, har ya tsai da numfashi. Sau da yawa ba a jin wari. Saboda haka irin wannan sai a firiji kwana kaɗan, ko a daskarar da shi.

In leda ta kumbura, kada mu ɗanɗana, kada mu ba yara. Mu binne.

Tambaya: cikin abin da muka ajiye bana, wanne ya bushe sosai?