Ciwon Long QT a Cikin Dangi: Abin Yi da Abin Bari

Maigida, idan an taɓa binne matashi a danginku wanda ya kwanta lafiya aka tashe shi bai tashi ba, ko yaron da ya iya iyo amma ya nutse a rafi, saurara. Akwai ciwon gado da likitoci ke kira Long QT. Zuciya ƙalau take a ido, amma wutar da ke sarrafa bugunta tana jinkirin komawa daidai bayan kowane bugu. Wata rana sai bugun ya rikice, jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi. Kusan mutum 1 cikin 2,000 na ɗauke da shi. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko ya tsira, rabi da rabi.

Abin da za ka yi

Kai duk wanda ya suma yana gudu, yana iyo, ko bayan firgita, a yi masa gwajin bugun zuciya na ECG. Suman nan gargaɗi ne, na gaba na iya zama na ƙarshe.

Auna kowa: iyaye, 'ya'ya, yayye da ƙanne. Wanda bai taɓa suma ba ma yana iya ɗauke da shi, kuma gwaji ɗaya kan nuna lafiya alhali ciwon na nan.

Faɗa wa likita duk mutuwar fuju'a da aka yi a dangi. Da wannan labarin yake gane inda zai duba.

Mai ciwon ya sha maganin kullum, propranolol ko nadolol, yadda aka rubuta. Shi ke hana zuciya zabura idan jiki ya motsa.

Auna zuciyar jaririn da aka haifa kurma, musamman a auren zumunci. A 1957 likitoci biyu a Norway, Jervell da Lange-Nielsen, suka bayyana nau'in da ke haɗe da kurumta. Yana fitowa ne idan yaro ya gada ta ɓangarori biyu, kuma ya fi sauran tsanani.

Sa ido kan mai jego. Watannin bayan haihuwa sun fi lokacin ciki haɗari.

Koyi danna ƙirji. Wanda ya faɗi ba numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka sayi magani a kemis da ka. Nan aka fi yin ɓarna. Erythromycin, azithromycin, ciprofloxacin, chloroquine, halofantrine, duk suna ƙara tsawaita wannan jinkiri. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro da aka saba sha, likitan da ya san da ciwon ne zai zaɓa. Mai kanti ba zai tambaye ka ba, kuɗinsa yake nema.

Kada ka yanke cewa farfaɗiya ce ko iskokai. Mai wannan ciwo yakan yi fizge-fizge idan ya faɗi, sai a ɓata shekaru ana maganin abin da babu.

Kada a daina magani don an ji sauƙi ko don azumi ya zo. Yankewa farat ɗaya na tayar da bugun. A tambayi likita ya gyara lokacin sha.

Kada ka bar mai ciwon ya shiga ruwa shi kaɗai. Suma a cikin ruwa nutsewa ce.

Kada ka ajiye waya mai ƙara ko agogon tashi kusa da kansa. A wani nau'in, ƙarar bazata cikin barci ta isa.

Kada ka raina amai da gudawa. Suna zubar da sinadarin potassium, ƙarancinsa kuwa na kunna ciwon. A ba da ruwan gishiri da sukari, a tafi asibiti ranar.

Kada ka ɓoye wa surukai don tsoron a fasa aure. Jikokinka ne za su biya kuɗin shirun.

Kada ka ƙi na'urar ICD mai dawo da bugun zuciya idan likitan zuciya ya ce a dasa. Wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa, magani kaɗai ba lallai ya riƙe shi ba.