Darasi: Haɗa Wasan Dara a Wayarka da Godot, Ko Netwok Ya Ɗauke

Yau za mu yi magana a kan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, da yadda matashi mai wayar Android zai yi amfani da ɗaya daga cikinsu ya haɗa gem ɗin kansa. Misalin da za mu yi aiki da shi wasan dara ne, wanda ake yi a gindin bishiya daga Kurawa da Sabon Birni da Isa har tsallaken iyaka cikin jihar Maraɗi.

Mun zaɓi wannan yanki na Gobir da gangan. A watan Satumba na 2021, gwamnati ta katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, sannan aka faɗaɗa matakin zuwa ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar 'yan bindiga. Duk gem ɗin da sai da intanet yake buɗewa ya zama hoto a kan waya. Abin da ya ci gaba da aiki shi ne abin da ke zaune a cikin wayar, wanda ba ya neman izinin wata na'ura a ƙasar waje kafin ya tashi. Wannan shi ne amfanin da za mu nema a darasin nan: kayan aikin da idan ka sauke shi sau ɗaya ya zama naka.

Mene ne buɗaɗɗen tushe?

Kowace manhaja tana da rubutun umarni da masu shirye-shirye suka rubuta, wato kod. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu, su ba ka manhajar kawai. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe kuwa ana sakin kod ɗinta a fili, tare da lasisin da ya ba kowa damar karanta shi, gyara shi, da raba shi ga wasu.

Wannan tafiya ta daɗe. Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka a 1983. Linus Torvalds, yana ɗalibi a Finlan, ya saki Linux a 1991. Android ɗin da ke hannunka a kan Linux aka gina shi, ke nan ka daɗe kana amfani da buɗaɗɗen tushe, ko Tecno kake riƙe da ita ko Infinix ko Itel.

Maganganu uku da ake yawan ji a majalisa

Ta farko: "Abin kyauta ba ya inganci." VLC da mutane da yawa ke kallon fim da ita buɗaɗɗiya ce. Haka Firefox, haka Blender da ake zanen katun da ita. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, da Blender aka yi shi.

Ta biyu: "Ai gem ɗin da aka fasa aka cire masa biyan kuɗi shi ma buɗaɗɗe ne." Wannan kuskure ne mai hatsari. Gem ɗin da aka fasa sata ce, kuma ba ka san abin da wanda ya fasa shi ya cusa a ciki ba. Irin waɗannan fayiloli suna daga cikin hanyoyin da ake shigar da manhajar leƙen asiri a waya, wadda za ta iya karanta saƙonnin banki. Idan kana son gem na kyauta na halal, akwai shagon F-Droid, wanda tun 2010 yake tara manhajojin Android masu buɗaɗɗen tushe. A nan za ka samu irin su Mindustry, Unciv da Luanti, wanda a da ake kira Minetest, kuma dukkansu ana iya buga su ba intanet.

Ta uku: "Haɗa gem sai mai babbar kwamfuta." Gem irin PUBG ko eFootball, gaskiya ne, sai kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata. Gem na allo kamar dara kuwa waya ta isa, kamar yadda za ka gani.

Me ya sa Godot?

Injin gem shi ne manhajar da ake haɗa gem a cikinta: tana kula da zane, sauti, da taɓa fuskar waya. Manyan injuna da aka fi sani su ne Unity, Unreal da Godot. Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina ne suka ƙirƙiri Godot, suka sake shi ga kowa a 2014 a ƙarƙashin lasisin MIT.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna muhimmancin lasisi. A watan Satumba na shekarar, kamfanin Unity ya sanar cewa zai fara karɓar kuɗi, har sent 20 na dala, a kan kowane girkawa na gem ɗin da ya wuce wani adadi na ciniki. Masu haɗa gem a duniya suka fusata, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, daga baya a 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya. Amma kowa ya ɗauki darasi: mai rufaffen kayan aiki zai iya canza sharaɗi bayan ka yi shekaru kana gini a kansa. Kamfanin Mega Crit ya mayar da aikin Slay the Spire 2 kan Godot a dalilin haka. Unreal kuma yana karɓar kashi 5 cikin 100 bayan gem ya kawo dala miliyan 1. Godot ba ya karɓar ko kwabo, kuma kwafin da ka sauke babu mai iya janye maka lasisinsa.

Ka riƙe bambancin lasisi biyu. MIT ya yarda ka sayar da gem ɗinka, ka ɓoye kod ɗinka in ka so, sharaɗin kawai ka sanya takardar lasisin a ciki. GPL kuwa ya ce idan ka ɗauki kod ɗin wani ka gyara ka raba, dole naka ma ya zama buɗaɗɗe a kan lasisin guda. Kafin ka kwafi kod daga GitHub, duba wane ne a kai.

Mataki na 1: Sauke injin

Nemi Godot Engine 4 a Google Play ko a shafin Godot na hukuma. A nan za ka buƙaci data. Ba ya neman rajista ko imel. Idan mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin APK daga shafin hukuma lokacin da ya shiga Sakkwato ko wani wuri mai ƙarfin sabis, zai iya tura wa abokai goma ta Xender, kuma lasisin ya halatta hakan. Bayanin kowane umarni yana cikin manhajar kanta, ba sai ka hau intanet ba.

Idan za ka buɗe sabon aiki, za a tambaye ka tsarin zane. Zaɓi Compatibility, shi ne ya fi sauƙi ga ƙananan wayoyi. Rubutu a fuskar waya yana gajiyarwa, don haka idan kana da hali, sayi igiyar OTG ka haɗa allon rubutu da linzami.

Mataki na 2: Rubuta dokokin wasa a takarda

Kada ka taɓa kod kafin wannan. Dokokin dara suna ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka zauna da dattijon da ya ƙware a unguwarku ka tantance naku. Tsarin da aka fi sani shi ne:

Ana haƙa gurbi 30, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya kara. Da farko ana zubawa bi da bi, ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. Idan an gama, gurbi 6 ne suka rage babu kowa. Daga nan ana matsawa gurbi ɗaya gaba, baya, dama ko hagu, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya ci ɗan abokin wasansa ɗaya. Jera huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi.

Lura da cewa wasan yana da yanayi uku: zubi, matsawa, da ci. Gem ɗinka dole ya san yanayin da ake ciki a kowane lokaci, domin taɓa gurbi ɗaya yana da ma'ana daban a kowannensu.

Mataki na 3: Mayar da gurabe lambobi

Waya ba ta san tsakuwa ko kara ba, lamba ta sani. Gurbin da babu kowa 0 ne, tsakuwa 1, kara 2. Yaren Godot sunansa GDScript, yana kama da Python, kuma kana iya sa wa abubuwanka suna da Hausa:

```
extends Control

const LAYI = 5
const FADI = 6
var allo = []
var mai_wasa = 1

func _ready():
    for i in range(LAYI * FADI):
        allo.append(0)
```

Wannan ya samar da jerin sifili 30. Don gano gurbi, ninka lambar layi da 6 ka haɗa da lambar gurbin a cikin layin. Ƙidaya tana farawa daga 0, don haka gurbi na farko 0 ne, na ƙarshe 29.

Don abin da ido zai gani, sanya GridContainer, ka saita ginshiƙansa zuwa 6, ka zuba maɓallai 30 a ciki. Kowane maɓalli gurbi ɗaya ne. Ka yi su manya yadda babban yatsa zai taɓa ba tare da kuskure ba.

Mataki na 4: Gano jerin uku

Nan ne zuciyar wasan. A allo mai 5 da 6 akwai hanyoyi 38 na jera uku: 20 a kwance, 18 a tsaye. Ba sai ka rubuta su duka ba. Bayan kowane motsi, tsaya a gurbin da ɗan ya sauka, ka ƙirga 'yan uwansa da ke manne da shi ta kowane ɓangare:

```
func kirga(l, g, dl, dg):
    var nawa = allo[l * FADI + g]
    var adadi = 0
    l += dl
    g += dg
    while l >= 0 and l < LAYI and g >= 0 and g < FADI:
        if allo[l * FADI + g] != nawa:
            break
        adadi += 1
        l += dl
        g += dg
    return adadi

func ya_ci(l, g):
    var kwance = 1 + kirga(l, g, 0, 1) + kirga(l, g, 0, -1)
    var tsaye = 1 + kirga(l, g, 1, 0) + kirga(l, g, -1, 0)
    return kwance == 3 or tsaye == 3
```

Dubi layin ƙarshe. Mun ce daidai da 3, shi ya sa jerin huɗu ba zai ci ba. Idan a garinku ana yarda da huɗu, alama ɗaya kawai za ka canza. A lokacin zubi kuma, wannan ƙirgar ce za ta taimake ka ka hana duk zubin da zai kai uku ko fiye. Ka tabbata gibin farkon layi ya daidaita, domin GDScript yana ƙin aiki idan ka cakuɗa shi.

Mataki na 5: Sa shi ya yi magana da Hausa

Idan ka rubuta "Kai ke da wasa" ko "An ci ɗa ɗaya" sai ka ga akwati a maimakon ɗ, to salon rubutun ne ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Sauke Noto Sans, wanda shi ma yana kan buɗaɗɗen lasisi, yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tunda abokan wasanka wasu a Madarunfa ko Tsibiri suke, ka tuna a Nijar ana rubuta ƴaƴa inda mu muke rubuta 'ya'ya. Sauti kuwa ɗauki naka da wayarka: ƙarar tsakuwa idan ta faɗa gurbi ta fi duk wanda za ka sauko da shi daga waje dacewa.

Mataki na 6: Gwaji da rabawa

Fara da mutum biyu a waya ɗaya, ana miƙa wa juna. Ka bar maganar wasa da kwamfuta ko ta intanet sai wannan ya zauna. Ba wa wanda ya fi ka iya dara ya gwada, shi zai gano motsin da gem ɗin ya yarda da shi alhali doka ta hana. Sababbin fitowar Godot suna iya fitar da fayil ɗin APK daga wayar kai tsaye, sai ka raba ta Xender ko Bluetooth, ko ka ajiye wa mai cajin waya da tura fina-finai a kasuwa. Shafin itch.io yana karɓar gem kyauta. Google Play kuwa sai ka biya dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu. Kullum ka kwafi aikinka a memori, domin waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata.

Maganar kuɗi

Kada wani ya ruɗe ka, gem na farko ba ya kawo arziki. Abin da yake kawowa shi ne shaidar iya aiki. Wanda ya gama dara ya koyi jeri, sharaɗi, maimaici da gyaran kuskure, kuma su ne tushen kowane aikin shirye-shirye. A Najeriya akwai masu cin abinci da wannan sana'a, kamar Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, wanda ke horar da matasa ta shirin GameUp Africa. A Kamaru, Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016 da labari mai tushe a al'adun Afirka. Ƙasar Gobir tana da nata kayan labari, daga zamanin Bawa Jan Gwarzo zuwa kufan Alkalawa da ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, ga langa da kokawa, duk suna jiran mai mayar da su gem.

Aikin gida

Rubuta dokokin darar garinku a takarda, ka girka Godot, ka sa maɓallai 30 su bayyana, sannan ka sa kowane ya canza launi idan an taɓa shi. Idan ya yi aiki, ɗora kod ɗin a GitHub da lasisin MIT, don ɗan Isa ko na Gidan Rumji ya ɗauka ya saka dokokin garinsu. A darasi na gaba za mu koya wa wayar yadda za ta zaɓi motsi da kanta ta kara da kai.