Filin Shawarwari: Soket Na Narkewa, Dutsen Guga Ba Zafi

Ni tela ne, ina da shago da yara uku. Muna da dutsen guga biyu, kowanne an rubuta wat 1,200 a jikinsa, sai hita ta dafa ruwa mai wat 2,000. Duka a soket guda mai doguwar waya muke jona su. Soket ɗin ya sha narkewa. Fis ɗin filogin kuwa da ya ishe ni da ƙonewa, sai yarona ya ɗaura silin waya a madadinsa. Wani abin kuma, in wuta ta zo ba ƙarfi, dutsen ba ya ko kwantar da shadda. Na auna da mita na ga bolt 170. Wani ya ce raunin wutar ne ke narka soket, in sayi sitabilaiza. Kafin in kashe kuɗi nake neman shawararka.

Naka, wani tela daga Tudun Wadan Zariya.

Ga amsa, Malam Tela. Kafin komai, yau ɗin nan a cire wannan silin waya a mayar da fis. Shagon da ke cike da yadi da shaddar mutane bai kamata a yi wasa da gobara a cikinsa ba.

Matsalolinka biyu ne, kuma wanda ya ba ka shawara ya cakuɗa su. Lissafi kaɗan zai raba su. Ka ɗauki wutar lantarki kamar ruwa a tiyo: bolt shi ne ƙarfin turin, amfiya yawan abin da ke gudana, turjiya kuma, wadda ake aunawa da om, ita ce matsin tiyon. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa dangantakarsu a 1827: ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. Wat kuwa, wato aikin da na'ura ke yi, bolt ne sau amfiya. Iyakar abin da kake buƙata ke nan.

To, bari mu hau kan dutsenka. Wat 1,200 ɗin nan alkawari ne mai sharaɗi, sai wuta ta cika bolt 230, wanda shi ne ma'aunin Nijeriya. Raba 1,200 da 230, ka sami amfiya 5.2. Raba 230 da 5.2, turjiyar dutsen ta kama om 44. Wannan 44 tana cikin ƙarfen da ke ɗaukar zafi, kusan ba ta sauyawa ko wuta ta cika ko ta rage. Ranar da mitarka ta nuna 170, sai ka raba 170 da 44: amfiya 3.9 kacal ke shiga. Ninka ta da 170, wat 660 ko kusa da haka. Ka ga bolt ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, amma zafin ya kusa raguwa da rabi, domin bolt da amfiya tare suka faɗi. Dutsenka lafiyarsa ƙalau. In kana son tabbatarwa, zare shi daga wuta, murɗa makunninsa, juya mita zuwa alamar om, ka taɓa ƙafafun filogi biyu na ƙasa, za ka ga ta nuna kusan 44. Kada ka kuskura ka auna om a soket mai wuta, mitar za ta tafi.

Lura da abin da lissafin ya nuna: in wuta ta yi rauni, amfiyar da dutsen guga da hita ke ja raguwa take yi. Ashe ba raunin wuta ke narka maka soket ba. Ranar da wuta ta cika aka fi yin ɓarnar. Dutse biyu amfiya 10.4, hita 8.7, jimla ta haura 19. Filogi mai ƙafa uku irin namu, wanda muka gada daga Ingila, fis ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, wato bai kai wat 3,000 ba. Kai kuwa ka ɗora masa 4,400. Fis ɗin da ka ce ya ishe ka, aikinsa yake yi.

Zafin da waya ke yi kuwa amfiya ce sau kanta sau turjiya, shi ya sa ƙari kaɗan ke zama babba. A ce bakin soket ya saki, ya sami turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om. Da amfiya 5, zafin wat biyu da rabi ne, ba wanda zai ji. Da amfiya 19, wat 36 ne a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, cikin roba. Ga kuma wayoyin araha da suka cika kasuwa, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare shi da reza ka ga fari a ciki. Turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Kuɗin sitabilaizan, ni dai da na ba mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, ya ja maka soket biyu ko uku a bango da wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, kowane dutse da nasa, hita da nata. Sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta. Don ta ba dutse guda wat 1,200 daga bolt 170, sai ta ja amfiya 7 daga layinka, kuma ƙaramar nan mai lamba 1,000 ba za ta ɗauke shi ba. Inda take da amfani shi ne keken ɗinki mai mota ko firiji, domin mota, saɓanin dutsen guga, tana iya ƙara jan amfiya in bolt ya faɗi, har ta yi zafi ta ƙone. In za ka saya, su ka saya wa.