Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kifin Tafki da Shamuwa Suke Shiga da Rani?

Tambaya: Malam, akwai wani tafki a bayan garinmu da yake ƙafewa ƙarƙaf tun watan Fabrairu, har magina su riƙa buga tubali a cikinsa. Amma da damina ta sauka, ba a rufa wata guda sai ka ga yara suna kama kifi a wurin. Dattawa sun ce tare da ruwan sama yake faɗowa. Haka ita ma shamuwa, da kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Shin ina waɗannan halittu suke shiga da rani? Daga wani mai karatu a ƙasar Haɗeja.

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Dattawanku sun lura da kyau, domin tabbas kifin da ruwan sama tare ake ganin su. Sai dai ba daga gajimare yake saukowa ba. Wani yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasar da kuke takawa, wani ƙwansa ne ya yi rani a cikin taɓo, wani kuma ruwa ne ya kawo shi daga gulbi.

Mu fara da na ƙarƙashin ƙasa, wato gaiwa. Ita wannan kifi ce mai huhu. Lokaci zuwa lokaci dole ta leƙo saman ruwa ta shaƙi iska, idan kuwa aka tare ta a ƙasa ta kasa fitowa, mutuwa za ta yi. Ana samun ta a fadamun Haɗeja da Nguru, da tafkin Chadi, da kwarin Rima, da gefen Neja da Binuwai. Takan kai tsawon mita guda, tana da wasu siraran filafilai guda huɗu da take jan jiki da su a cikin taɓo. Da damina tana cin dodon-koɗi, da ƙaguwa, da kwaɗi, da ƙananan kifaye, ta yi ƙiba sosai. A lokacin ne kuma take ƙwai a cikin rami tsakanin ciyayi, namijin ya tsaya gadi har 'ya'yan su yi wayo.

Idan ruwa ya soma janyewa, sai ta nutsa cikin taɓon da kai, ta yi rami kamar kamu guda ko fiye, ta naɗe jikinta, wutsiya ta rufe fuska, baki yana kallon sama. Jikinta sai ya fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin nan ya bushe ya zame mata rufi, ya hana danshin jikinta tserewa, ya bar 'yar kafa daidai bakinta inda iska take shiga. Daga nan bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya yi ƙasa, ba ci ba sha. Abin da take rayuwa da shi a watannin nan shi ne tsokar jikinta, wadda take narkewa sannu a hankali. Ashe Bahaushe da ya ce gaiwa jikinta take ci, gaskiya ya faɗa. A haka take wata bakwai ko takwas, kuma masana sun ga wadda ta wuce shekara uku a wannan hali ta farka da rai. Ranar da ruwa ya jiƙa ƙasar, rufin ya yi laushi, sai ta fito a rame tana neman abinci. Masu haƙar tubali da manoman fadama sun sha cin karo da ita a cikin busasshen hoge.

Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda duk rayuwarsu damina ɗaya ce. Kafin kududdufi ya ƙafe sun binne ƙwansu a cikin taɓo. Iyayen su mutu, ƙwan ya yi rani a busasshiyar ƙasa, da ruwa ya taru ya ƙyanƙyashe, cikin 'yan makonni sun girma. Ɗaya daga cikin irinsu a kogin Kiyawa kusa da Katagum aka fara samo shi, kuma da masana suka raɗa masa suna a shekarar 1928, sunan Kiyawa suka sa a ciki. Ka ga ba nesa da ku ba ne.

Tarwaɗa ita ce ta uku. Tana da wata halitta a cikin kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan daɗe a waje ba ta mutu ba. Idan aka tafka ruwa da dare, takan bi jiƙaƙƙiyar ciyawa da 'yan magudanai ta tsallaka daga gulbi zuwa tafki. Wanda ya wayi gari ya gan ta a gona, ba laifinsa ba ne idan ya ce daga sama ta faɗo.

Ita kuwa shamuwa tafiya take yi. Takan iso mana a watan Afrilu ko Mayu, gab da ruwan farko, shi ya sa manomi yake ganin ta ya soma gyaran gona. A cikin gari take sheƙa, a kan kuka ko tsamiya ko gawo, sau da yawa sheƙuna da dama a bishiya guda. Takan yi ƙwai biyu ko uku, mace da namiji suna karɓeɓeniyar kwanci har kusan wata guda, sannan 'ya'yan su yi kimanin wata biyu kafin su tashi. Abincinta fara ce da tsutsar da ke cin ganyen hatsi, takan kuma haɗa da kwaɗi da ƙadangaru. Don haka duk gonar da ka ga shamuwa tana kiwo a ciki, aiki take yi wa mai gonar.

Da ciyawa ta soma bushewa wajen Satumba da Oktoba, sai su taru garke-garke su ɗaga. Ba sa yawan kaɗa fiffike. Iskar zafi mai tashi daga ƙasa suke hawa, su yi ta kewaye har su yi sama sosai, sannan su miƙe su zarce. Sukan nufi gabas, su karkata kudu, su sauka a Tanzaniya, da Zambiya, da Zimbabuwe, da Botswana, wasu har Afirka ta Kudu. A can damina daga Nuwamba zuwa Maris take, daidai lokacin da muke fama da hunturu da bazara. Wato shamuwa damina biyu take ci a shekara, tamu da tasu, amma a wurinmu kaɗai take haihuwa.

Waɗannan hanyoyi biyu, ɓuya ko ƙaura, su ne wasu dabbobin ma suke bi. Kadojin da suka rage a duwatsun Muritaniya sukan shige kogo ko rami su yi lamo har ruwa ya dawo, domin kada yana iya yin watanni bai ci komai ba. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, da damina a kan tudu suke kiwo, da rani kuma su gangaro kwarin Dallol Boso, saboda gawo a lokacin ne yake da ganye da 'ya'ya. A shekarar 1996 guda 49 kacal suka rage, amma da hukuma da mutanen karkara suka tsaya musu, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Malam, abin lura a nan shi ne duk wannan hikima da Allah Ya ba su ba ta amfani idan an ɓata musu wurin zama. Gaiwa tana jure rani, amma ba ta jure a kwashe taɓon tafki gaba ɗaya, ko a zuba guba a ruwa don kamun kifi. Shamuwa tana cin dubban kilomitoci ta dawo, amma idan ta tarar an sare kukar da take sheƙa, wani garin za ta nufa, farar kuma ta rage muku.

Saboda haka ina roƙon ka ka kai maganar nan gaban mai gari da sarkin ruwa. A ware wa magina gefe guda na tafkin, a bar tsakiyarsa inda ruwa yake ƙafewa a ƙarshe. A hana zuba guba, a hana yara harbin shamuwa da kwasar ƙwanta, a kuma bar manyan itatuwan gari a tsaye. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Mai wata tambaya, ƙofa a buɗe take.