Yaron da ya yi jinkirin tafiya da magana

Darasinmu na yau a kan yaro ne wanda ya kai shekara 2, amma bai fara tafiya ba, ko kuwa bakinsa bai buɗe ba. A garuruwanmu, idan haka ta faru, wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu ne, wasu su ɗora wa uwa laifi. Ana cikin wannan gardama sai lokacin magani ya wuce.

1. Yaya yaro yake girma?

Kowane yaro da tafiyarsa, amma akwai iyaka. Bisa ga awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2006, yaro mai lafiya yana zama shi kaɗai tsakanin wata 4 da wata 9. Yana tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18. Wajen shekara 1 yakan ce "baba" ko "mama". Idan ya cika shekara 2, yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni".

2. Yaushe za mu tafi likita?

Mu kai yaro awo idan ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 ba ya faɗin kalma. Haka kuma idan ba ya juyowa in an kira sunansa, ko jikinsa ya sandare, ko ya saki kamar tsumma. Idan kuwa yana suma da fizge-fizge, ko ya manta abin da ya riga ya iya, kada mu kwana. Mu riƙe takardar awonsa a hannu. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati.

3. Mene ne ke kawo wannan jinkiri?

Doguwar naƙuda tana hana ƙwaƙwalwar jariri samun iska. Haihuwar bakwaini da shawara mai tsanani a kwanakin farko su ma suna taɓa ta. Bayan haihuwa, akwai sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Akwai tamowa da ƙarancin jini. Sau da yawa kuma kunne ne ba ya ji, domin yaron da bai ji magana ba, ba zai iya maimaita ta ba. Saboda haka mu roƙi a duba kunnensa. Kada mu kai shi wurin wanzami a yanke masa ƙarƙashin harshe ko beli. Yankan yana jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta, maganar kuma ba ta zo ba.

4. Me za mu yi a gida?

Mu sauke shi daga goyo, mu shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, ya yi rub da ciki, ya yi birgima. Mu ajiye ludayi ko ƙaramar ƙwarya nesa kaɗan, don ya miƙa hannu. Mu zaunar da shi, mu tokare shi da zannuwa. Idan ƙafafunsa sun fara ƙarfi, ya dafa turmi ya tsaya, muna riƙe da shi.

Mu riƙa yi masa magana muna duban fuskarsa. Mu nuna masa abu, mu faɗi sunansa: akuya, ruwa, hura. Mu dakata, mu ba shi lokacin amsawa. Ko da hannu ya nuna, mu yaba masa. Kada a yi masa dariya, kada a buge shi, kada a ɓoye shi cikin ɗaki. Wasa da sauran yara makaranta ce gare shi.

Wajen abinci, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2. A dama masa kunun hatsi mai kauri, a sa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da garin zogala. A ba shi ƙwai da kifi in da hali. Idan yana ƙwarewa, a zaunar da shi tsaye, a ba shi kaɗan-kaɗan. Ya kwana cikin sange, a kuma cika masa allurar rigakafi.

A manyan asibitoci kamar na Yamai da Damagaram akwai ma'aikatan motsa gaɓoɓi, waɗanda ake kira kine. Suna koya wa iyaye yadda za su motsa jikin yaro. Likitan garinmu ne zai rubuta mana takardar zuwa can.

5. Aikin na wane ne?

Uwa kaɗai ba za ta iya ba, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga gona. Maigida ya ɗauki nauyin kuɗin mota, ya kuma zauna da ɗansa kowace maraice. Kaka da yayye su karɓi goyo da wasa. Wasu yaran suna cim ma tsaransu. Wasu kuwa za su rayu da naƙasa, amma su ma suna ƙaruwa idan an fara taimakonsu da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A wata nawa ya kamata yaro ya yi tafiya shi kaɗai?
2. Don me ake duba kunnen yaron da ba ya magana?
3. Wane taimako maigida zai bayar?